Yadda ake bi da ciwon da ke sa abinci tsayawa a ƙirji, wanda likitoci ke kira EoE

Jama'a salamu alaikum. Na daɗe ina cewa zan yi rubutun nan ban samu zama ba, sai shekaranjiya da wata maƙwabciyarmu a nan Rikkos ta shigo aron turmi take bani labarin ƙaninta, wai in zai ci abinci sai da jarkar ruwa a gefe, kowace loma sai ya kora, nama kuwa ya daina ci kwata-kwata, kuma shekara uku kenan yana shan maganin olsa babu wani canji. Na ce mata Maman biyu ajiye turmin nan ki zauna, wannan labarin na san shi kamar yunwar cikina.

Haka maigidana yake tun kafin aurenmu. In an zuba tire ɗaya da abokansa shi ne na ƙarshen tashi, ana ta mishi tsiya wai yana cin abinci kamar amarya. Tuwo sai miya ta yi mishi iyo a kai, burodi sai ya jiƙa sharkaf a shayi, ƙwayar magani kuwa sai ya ɓare ta biyu. Duk mun ɗauka hali ne. Sai ranar wata Babbar Sallah wani yankan soyayyen nama ya tsaya mishi a ƙirji ba gaba ba baya, ko miyau ya kasa haɗiyewa, yana ta tofarwa a roba har muka isa asibiti. Daga nan aka fara tafiyar da ta kai mu ga sunan ciwon.

Sunan nasa dogo ne, iyosinofilik isofajaitis, shi ya sa su kansu likitocin suke taƙaita shi da EoE. A taƙaice wani nau'in alaji ne, irin ciwon da ke tashi in jiki ya ƙi wani abu, da ke kama bututun abinci, wato hanyar da loma ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna iyosinofil da a ka'ida babu ruwansu da wannan bututun, toh su ne suke zuwa su yi dandazo a bangonsa sabida wani abinci da jikin ya ɗauka a matsayin abokin gaba. Wurin ya kumbura, in aka daɗe ba a kula ba kumburin ya koma tabo, bututun ya ƙanƙance ya yi tauri. Ba wani tsohon ciwo ba ne a littattafan likitanci, a 1993 da 1994 ne aka fara bayyana shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, shi ya sa ba kowane likita ne hankalinsa ke saurin zuwa kansa ba. Ya fi kama maza, wajen maza uku ga mace ɗaya, kuma yawanci za ka samu mutum yana da asma ko yawan atishawa da toshewar hanci ko ƙaiƙayin fata. Namu lokacin hunturun Jos in ƙura ta taso atishawarsa har maƙwabta.

Mataki na farko: a tabbatar shi ɗin ne

Nan ne aka fi ɓata lokaci. Ba a gane wannan ciwon da gwajin jini, ba a gane shi da sikanin, ba a gane shi da labarin baki. Sai an yi endoskofi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba, SANNAN a tsinko 'yan ƙananan tsoka daga bangon bututun a kai lab, abin da suke kira bayofsi. In mai duba tsokar a madubin lab ya ƙirga iyosinofil 15 ko fiye a fili ɗaya na madubin, ga kuma alamun da mutum ke fama da su, toh shi ne.

Na rubuta sannan da manyan baƙaƙe ne sabida abin da ya same mu. Asibitin kuɗin da suka ciro naman ranar sallah, Allah ya saka musu, amma ba su ɗauki tsoka ba, suka ce wurin ya ɗan yi ja ne kawai a ci gaba da maganin olsa. Sai da muka sake biyan kuɗin wani endoskofin bayan wata bakwai. Don haka in za a yi maka, ka buɗe baki cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe likita dan Allah a ɗauki bayofsi, ko da wurin ya yi kyau a ido. Ana son a tsinko aƙalla guda 6 daga sama da ƙasan bututun, don ciwon tsalle-tsalle yake yi, wani wurin akwai wani babu.

Likitan da za ka nema shi ne na ciki da hanji. Mu na Jos manyan asibitocin koyarwa kamar JUTH a Lamingo nan ake samunsu, 'yan Abuja kuma ga Asibitin Ƙasa ga na koyarwa a Gwagwalada. Ranar gwajin ba a cin komai wajen awa 6 zuwa 8 kafin a yi, kuma a je da ɗan rakiya don in an yi allurar barci ba a tuƙi. Wani abu kuma, in kana kan maganin olsa irin su omefrazol ko danginsa ka gaya wa likita tun kafin a sa rana, don maganin yana iya ɓoye ciwon a bayofsi, sau da yawa sukan ce a dakata da shi kamar sati uku tukuna. Su za su ce a dakata fa, ba kai ba.

Kuma kar wanda ya karanta wannan ya yanke wa kansa hukunci. Wahalar haɗiya tana da dalilai da yawa, akwai asid mai tasowa daga ciki, akwai fungas a bututun musamman ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, akwai tsutsar ciki da ita ma take tada iyosinofil, akwai kuma ciwon daji, wato kansa, Allah ya tsare. Dattijon da haɗiya ke ƙara mishi wuya wata bayan wata yana ramewa, wannan ba a jira da shi ko sati ɗaya.

Mataki na biyu: zaɓar hanya

Hanyoyin magance kumburin uku ne manya, maganin rage asid, sitiroid na haɗiya (maganin kashe kumburi), da cire abinci. Ba dole a haɗa su duka ba, ana zaɓar ɗaya a bi ta sati 6 zuwa 12 sannan a sake endoskofi a ga ko ta yi. Ku zauna da likita ku faɗa mishi gaskiyar aljihunku da gaskiyar halin majinyacin. Mutumin da kullum yana hanya tsakanin Jos da Kano yana ci a tasha, ka ce mishi ya bar abinci shida, yaudarar kai ce.

Maganin rage asid. Shi ne dai omefrazol ɗin da aka sani da 'yan uwansa, kuma yawanci da shi ake farawa don ya fi araha kuma ko wane kemis akwai. Bambancin shi ne yadda ake sha. Babba ana bashi miligiram 20 zuwa 40 sau biyu a rana, minti 30 kafin karin safe da minti 30 kafin abincin dare, kullum babu fashi har sati takwas. Ba irin shan da muke yi ba na in ƙirji ya yi zafi a jefa ɗaya. Kamar mutum huɗu zuwa biyar cikin goma ne kumburin nasu ke lafawa da shi. Namu bai shiga cikinsu ba, ya ce yana jin sauƙi amma bayofsi ya ce ƙwayoyin suna nan daram.

Wannan wurin ku riƙe shi da kyau don shi ya fi ruɗar mutane. Jin sauƙi ba shaida ba ce. Mai wannan ciwon ya shekara goma yana koyon dabarar haɗiya, shi da kansa bai san yadda lafiyayye ke haɗiye loma ba, sai ya ce maka garau yake alhali ciki yana ta ƙanƙancewa a hankali.

Sitiroid na haɗiya. Wannan ya ban mamaki da farko, maganin asma ne ake amfani da shi amma maimakon a shaƙa sai a haɗiye, don ya shafi bangon bututun kamar ana shafa mai. Iri biyu ne. Akwai fulutikason na fesawa, irin su Flixotide, ka riƙe numfashi ka fesa a baki ka haɗiye da miyau, kar ka ja shi cikin huhu kuma kar ka sa robar nan da masu asma ke maƙalawa a bakin abin fesawar. Adadin fesawa likita ne zai faɗa. Kuma ba shuɗin nan Ventolin ba ne fa, shi aikinsa daban. Na biyu budesonid na ruwa, wanda ke zuwa a 'yan ƙananan robobi na injin turaren asma, irin su Pulmicort. Shi ana matse shi ne a ƙaramin kofi a haɗa da abu mai kauri kamar zuma cokalin shayi ɗaya, a juya ya yi yauƙi a haɗiye a hankali, babba yawanci miligiram 1 sau biyu a rana. Jaririn da bai shekara ba ba a bashi zuma, wannan a tambayi likitan yara abin da za a haɗa da shi.

Ka'idarsa ɗaya ce mai tsauri, bayan an haɗiye ba ci ba sha har minti 30, in ba haka ba ka wanke maganin ka tura shi ciki a banza. Shi ya sa ya fi kyau bayan karin safe da kuma daf da kwanciya. A kurkure baki a tofar don gudun farin fungas ɗin nan da ke fitowa a harshe da maƙogwaro, in ya fito ma yana da magani mai sauƙi. Kamar mutum shida zuwa bakwai cikin goma suna dacewa da wannan hanyar. Da azumi mu yadda muka yi, ya gama sahur da wuri ya sha ruwansa ya ƙoshi, maganin ya zama na ƙarshe kafin a kira assalatu, na dare kuma bayan tarawihi in an gama ciye-ciye.

Dan Allah kar wani ya ji an ce sitiroid ya je kemis ya sayo firedinisolon ko deksa yana afawa. Waɗannan jiki duka suke bi, su kumbura fuska su tada suga da hawan jini, ba su ake nufi ba.

A Turai akwai ƙwayar budesonid mai narkewa a baki da aka yi don wannan ciwon, Jorveza, tun 2018, Amurka kuma ta amince da allurar Dupixent a 2022 ga 'yan shekara 12 zuwa sama, a 2024 aka sauko da ita har yara daga shekara ɗaya. Allurar tana aiki amma kuɗinta ba na talaka ba ne, na ambata ne kawai don mai hali ya san akwai.

Mataki na uku: cire abinci, nan ne aikin uwargida

Abinci shida aka fi zargi: madara, alkama, ƙwai, waken suya, gyaɗa da danginta, sai kifi da su jatan lande. A cikinsu madara ce shugaba, alkama na bi mata. Da can duka shidan ake cirewa lokaci ɗaya sannan a dinga dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowace dawowa da nata endoskofin, ka lissafa kuɗin da kanka. Yanzu an fi son a fara daga ƙasa. Wani bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2023 ya gwada manya 129, waɗanda suka bar madara kaɗai kashi 34 cikin ɗari suka samu lafawar kumburin, waɗanda suka bar shidan kashi 40. Ka ga tazarar ba ta kai wahalar ba. Toh sai a fara da madara sati 6 zuwa 8 a duba, in bai yi ba a ƙara alkama, in bai yi ba a ƙara ƙwai da waken suya, shidan su ne na ƙarshe. Gwajin alaji na fata ko na jini kuwa ba ya nuna abincin da ke jawo wannan ciwon yadda ya kamata, kar a kashe kuɗi a kai da wannan niyyar.

Barin madara a baki sauƙi gare shi, a kicin ne ake gane ba wasa ba ne. Ba ta gwangwani da ta gari kaɗai ba, har nono da kindirmo da yogot da cuku da man shanu, na saniya ko akuya ko tunkiya duk ɗaya. Fura da nono ta tafi kenan, wannan ita ta fi yi wa maigida ciwo wlh, yanzu da kunun aya mai kauri nake dama mishi ita kuma ya saba. Sai masu ɓuya, Milo, cakulan, biskit, kek, cincin, ayis kirim, alawar madara, gullisuwa, burodin nan mai laushi da ake cewa na bota, har wasu man shafa burodi. Ki koyi juya leda ki karanta bayanta, duk inda kika ga an rubuta milk ko whey ko casein ki mayar kan kanta.

Surukata Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, da ta ji ɗanta yana fama da maƙoshi sai ta aiko da kwalbar man shanu da zuma wai a dinga bashi yana lasa safe da yamma ya tausasa wurin. Na rasa yadda zan yi, sai da na je har gida na durƙusa na ce Hajiya likita ya ce duk abin da ya fito daga nono shi ke tada ciwon, amma zumar muna amfani da ita kullum wurin haɗa magani. Ta ce ikon Allah, nonon ma? Shikenan ta koma aiko da zuma zalla. Ku yi wa dangi bayani tun wuri, don yawancin karya dokar a gidan 'yan uwa da wurin biki ake yinta, mutum ya ji kunyar cewa a'a.

In an kai ga cire alkama kuma, burodi, taliya, makaroni, Indomie, semo, kuskus, alkubus, funkaso, gurasa, fanke, duk sun fita. Ɗanwaken saye ma a yi hattara yawanci da fulawa ake haɗa shi, wasu masu masa ma suna barbaɗa fulawa a ƙullu, sai a tambaya. Amma gaskiya mu 'yan Filato nan Allah ya rufa mana asiri, ga acha a yi tuwonta a yi gwatenta a yi dambunta har kunu, ga dankalin turawa na Bokkos da Mangu, ga doya, masara, gero, dawa, shinkafa, gwaza, ganye kuwa ka je Farin Gada ka ɗebo son ranka. Wanda ke Turai ma sai ya yi mana hassada. In za ki kai niƙa ki ce a kakkaɓe injin ko a fara da naki kafin a zuba na masu alkama.

Waken suya shi ne awara da madarar waken suya da garin kunun yara da ake haɗawa da shi, da wata daddawar da ba ta kalwa ba ce, wasu dunƙulen ɗanɗano ma akwai shi a ciki. Gyaɗa kuwa ta shiga ko ina, ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kilishi, kunun gyaɗa, miyar taushe.

Wanda ya bar madara ya nemi abin da zai cike gurbin sinadarin ƙashi, kuka da zogale da riɗi suna taimakawa, likita kuma yana iya ƙara ƙwayar kalsiyam. Yara kam kar a cire musu komai sai tare da likitan yara da masanin abinci na asibiti, yaron da dama ba ya ci ba ya ƙiba ka ƙara tsuke mishi abinci sai a samu wata matsalar. A yara ciwon ma ba da maƙalewar nama yake zuwa ba, amai ne da ƙin abinci da ciwon ciki da rashin girma.

Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta ranar da aka fara, abin da aka ci, ranar da aka yi kuskure, da sakamakon kowane bayofsi da adadin ƙwayoyin da aka ƙirga. Kati yana ɓata a asibiti, likita yana canzawa, littafinki ne zai yi magana.

Mataki na huɗu: in bututun ya riga ya tsuke

Magani yana kashe kumburi amma tsohon tabo ba ya buɗewa da sauƙi. Nan sai a yi buɗawa, lokacin endoskofi a sa wani balam-balam ko roba mai kauri a faɗaɗa wurin kaɗan-kaɗan, wani lokacin sai an yi zama biyu ko uku kafin a kai faɗin milimita 15 zuwa 18. Ƙirji yakan yi ciwo kwana biyu uku bayan nan, a sha kunu da abu mai laushi. Yagewar bututun ba kasafai take faruwa ba, amma in aka ga ciwo mai tsanani ko zazzaɓi ko numfashi na sarƙewa a koma asibiti a take. Bayan buɗawa mutum ji yake kamar an sake haifarsa, nan ne kuma yake watsar da magani, alhali buɗawar ba ta taɓa kumburin ba ko kaɗan.

In abinci ya maƙale

A daina ci nan take a zauna a miƙe. In miyau yana wucewa ana iya kurɓar ruwa kaɗan a ɗan jira. In miyau ba ya wucewa ana ta tofarwa, emajensi kai tsaye ko ƙarfe nawa ne, wannan ana son a ciro shi cikin 'yan awoyi. Ko yana wucewa ma kar a bari ya kwana ya wuni. Kar a danna shi da lomar tuwo ko ayaba, kar a zura yatsa ko cokali, kar a bada garin tausasa nama ko ruwan ɗanyen gwanda wai ya narkar da shi, bangon bututun zai ci. Lemon kwalba mai gas da ake ta faɗa an gwada shi a asibitocin Holan bai fi zaman jira ba. In kuma mutum ya kasa numfashi ko magana wannan shaƙewa ce, hanyar iska ce ta toshe, taimakon gaggawa ake yi a wurin. Kuma in an shiga ciro naman a tuna a ce a ɗauki bayofsi lokaci ɗaya.

Bayan an samu lafiya

Ciwon nan ba a warkewa a rufe littafinsa, in aka bar magani ko aka koma abincin yawanci cikin 'yan watanni yake dawowa. Abin da ya yi aiki shi ake ci gaba da shi, sau da yawa likita yana rage yawan maganin ne kawai, a dinga leƙa asibiti ko sau ɗaya ne a shekara. Ba ya yaɗuwa ta kwano ko cokali, kuma ba a san shi da rikiɗewa ya zama ciwon daji ba, wannan tambayar ita na fara yi wa likita hannuna na rawa.

Mu dai madara ce ta zama mai laifin, bayan sati takwas da barinta bayofsi ya fito fes, aka yi buɗawa sau ɗaya. Naman sallah yanzu nasa daban nake yi, in dafa shi ya yi luguf in yanka ƙanana ko in yi mishi dambu da ɗan romo, ƙwayar magani kuma da kofin ruwa cikakke yana zaune ba a kwance ba. Ƙanin Maman biyu an bashi ranar ganin likitan ciki wata mai zuwa, na rubuta mata kalmar bayofsi a bayan katin don kar ta manta in sun shiga.